ƊAN KWIKWIYO A HANNUN ƊAN LAKWAL: ABIN DA YA KAMATA A SANI

Makiyaya da manoma, a watan Oktoba yaranmu na Tsawni, Yawuri, Dungu da Ɗan Barto suna tahowa kwalej a Matamai, waɗansu su wuce Damagaram. A cikinsu akwai masu ɗauko ɗan kwikwiyo su kai gidan mai masauki, su ce in ya girma zai tsare awaki. Karen tsaron dabba da gona addini bai hana shi ba. Amma kwalej shekara 4 ce, kare kuwa yana iya kai shekara 10. Kafin a ɗauko, a san mai ciyar da shi in yaro yana aji, kuma a nemi yardar mai gida.

1. Zaɓe

A bar kwikwiyo wajen uwarsa sai ya yi sati 8. A zaɓi mai wasa, mai ido garau, wanda ba ya zawo, ba shi da ƙazuwa. Ƙaton ciki da ƙashin haƙarƙari a waje alamar tsutsa ce. A ga uwar da ido, a tambaya ko an yi mata allura. Kwikwiyon da aka tsinta a juji ko a kasuwa, a bar shi. Karen gida ya fi jure rana da ciwo bisa ga na Turai. Wanda ake so ya tsare garke, a bar shi ƙauye ya tashi cikin tumaki tun yana ƙarami. Wanda ya girma a ɗakin ɗan lakwal mutane kawai zai sani.

2. Abinci

Sau 3 ko 4 a rana har wata 6, daga nan sau 2. Sauran tuwo, nono, dafaffen nama ko kifi, da ruwa mai tsabta kullum. Ban da ƙashin kaza da abinci mai albasa. Ranar layya ko yanka, kada a jefa masa ɗanyen kan rago, ko huhu da hanta masu ƙullutun ruwa. Daga nan yake ɗaukar tsutsa, ya zubar da ƙwanta cikin kashi bisa ciyawa. Tunkiya ta ci, tsutsar ta hau ƙwaƙwalwa, sai ka ga tana juyi waje guda har ta mutu. Wata irin ma tana kama hantar mutum.

3. Magani

Maganin tsutsa kowane sati 2 har ya yi wata 3, daga baya kowane wata 3. Don kaska da ƙuma a zo wajen ma'aikacin kiwo. Kada a shafa masa maganin feshin wake, yana kashe kare, yana cutar yaro.

4. Haukan kare

Wannan ita ce babbar magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon yana kashe wajen mutum 59,000 a shekara, kuma 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka fito, babu magani. A yi wa kwikwiyo allurar rigakafi yana wata 3, a sake kowace shekara, a adana takardar.

In kare ya ciji mutum, ko da kwikwiyo ne:
- a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15;
- a je likita ranar, kada a tsaya rubutu ko saiwa;
- a ɗaure karen, a gaya wa ma'aikatar kiwo, a sa masa ido kwana 15.

In ya ciji saniya ko akuya, ita ma a ware ta, a sanar da mu.

5. Hutu

In an rufe lakwal, kada a tafi a bar kare yana yawon gari. Yunwa za ta haɗa shi da karnukan juji, can yake samo cizo. A koma ƙauye da shi, ko a damƙa shi ga wanda zai riƙe.

Iyaye, ku kawo kwikwiyon ma'aikatar kiwo ta Matamai tun satin farko a duba shi. Allah ya tsare mu da dukiyarmu.