Ɓerayen da Aka Kashe wa Ƙwayar Gado: Yadda Aka Gano Birkin Garkuwar Jiki

A ɗakunan binciken lafiya ana kiwon wasu ɓeraye waɗanda aka kashe wa ƙwayar gado guda ɗaya da gangan tun suna ɗan tayi. Dalili kuwa shi ne, in ana son sanin aikin wata ƙwaya, sai a raba dabba da ita a ga abin da zai lalace. An samar da irin waɗannan ɓeraye na farko a 1989, kuma Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies suka sami kyautar Nobel a 2007 saboda wannan fasaha.

Cikin fannonin da suka ci moriyarsu akwai nazarin garkuwar jiki. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai ƙwayoyin T, masu farautar duk abin da baƙo ne a jiki. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: me ke hana su afka wa jikin da suke tsaro?

A 1995 ƙungiyar Tak Mak a Toronto da ta Arlene Sharpe a Harvard suka kashe wa ɓeraye ƙwayar CTLA-4. An haife su lafiya lau. Kafin su cika mako huɗu sun mutu, saifa da kaluluwa sun kumbura, ƙwayoyin T sun cika naman zuciya suna cinsa. Nan aka tabbatar CTLA-4 birki ce, kuma rayuwa ba ta yiwuwa sai da ita.

Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto a Japan ya gano wata ƙwayar, PD-1, a 1992. Ɓerayen da aka raba da ita ba su mutu da wuri ba. Sai da suka manyanta ciwon gaɓoɓi da na ƙoda ya kama su, irin na cutar lufus, kamar yadda aka bayyana a 1999. Wani jinsin ɓeran kuma zuciyarsa ce ta buɗe ta raunana. Wannan ya nuna cewa rashin ƙwaya ɗaya yana iya haifar da cututtuka daban-daban gwargwadon asalin mai ita, abin da likitoci ke gani a mutane ma.

PD-1 ma birki ce, kuma cutar daji tana fakewa da irin wannan birki: ƙarin yakan danne shi, ƙwayoyin T su yi sanyi, shi kuma ya ci gaba da girma. James Allison ya nuna a 1996 cewa in aka toshe CTLA-4 na ɗan lokaci, ɓera yana narkar da ƙarin da ke jikinsa. Daga nan aka sami ipilimumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2011 don sankarar fata, sannan nivolumab da pembrolizumab masu toshe PD-1 a 2014. Allison da Honjo suka raba kyautar Nobel ta 2018.

Abin lura shi ne ɓerayen sun riga sun faɗi illar magungunan. Majinyacin da aka sassauta wa birkin garkuwa yakan sami kumburin hanji, ko na hanta, ko ƙuraje a fata, kuma illar masu toshe CTLA-4 ta fi ta masu toshe PD-1 tsanani, daidai da yadda ɓerayen da aka kashe wa CTLA-4 suka fi saurin mutuwa.

Sai dai ɓera ba mutum ba ne, kuma yawancin masu cutar daji ba sa amsa waɗannan magunguna. Ga kuma tsada. Majinyacin da aka tura Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, abin da ya fi samu shi ne tiyata da allurar kashe daji da gashin haske, domin kuɗin waɗannan sababbin allurai ya fi ƙarfin mafi yawan iyalai a yankin.