Jan Wayar USB Zuwa Saman Sanda: Iyakarta Da Dabararta

 Ƴan'uwa fatake da dillalan kara, mun san yawancin ofisoshinmu na kan iyaka, tun daga Ƙonni har Ɗan Isa da Matamaye, ɗakunan kwano ne, kuma kwano yana tare rezo. Ga shi yanzu farashin sa a Legas, da canjin sefa da naira, da shaidar shigar kuɗi, duk ta intanet suke zuwa. Wanda saƙo ya makara masa, to ya sallama shanunsa a tsohon farashi.

Magani shi ne a ɗaga na'urar kamo intanet bisa sanda a waje, a jawo wayarta ta USB zuwa kwamfuta. Wannan ya fi a bar na'urar a ɗaki a tsawaita wayar eriya, don ita ta eriya shanye ƙarfin rezo take yi a hanya.

Amma fa USB tana da iyaka. Ƙa'idar USB 2.0 mita 5 ce, ta 3.0 kuwa wajen mita 3. Wutar da ke bin ta volt 5 ce kacal, kuma raguwa take yi in waya ta yi tsawo ko ta cika siranta. Sannan kwamfuta ba ta jiran amsa da daɗewa. Shi ya sa in an harhaɗa wayoyin araha, na'urar ta kama ta saki, mu yi ta zargin kamfani.

Hanyoyi uku ne. Na farko, waya mai ɗan akwatin ƙara ƙarfi a bakinta. Ana jera biyar, tsawo duka ya kai mita 30, ba ƙari. Na biyu, ƴan akwatuna biyu masu ɗora saƙon USB bisa wayar Cat5, waɗanda galibi ke kai mita 50. Na uku, wanda muka fi ba da shawara in nisa ya yi yawa, a sayi na'urar waje mai karɓar wuta ta wayar Ethernet, wadda ke kai mita 100.

Kowace aka zaɓa, a gwada ta a shago kafin a biya, kamar yadda ba mu sayen sa sai mun duba haƙoransa. A sa na'urar cikin gwangwanin roba mai kallon ƙasa, a naɗe mahaɗa da salatif, a lanƙwasa waya ƙasa kafin ta shiga ɗaki don kada ruwa ya biyo ta. Da hadari ya taso a zare ta, don tsawa tana bin waya.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalam.