Rawar Ƙungiyoyin Ƙwadago Wajen Ilimantar da Mambobinsu

Gabatarwa

Ƙungiyar ƙwadago haɗaka ce ta ma'aikata masu sana'a iri ɗaya domin kare muradunsu. Jama'a sun fi sanin ta da yajin aiki da neman ƙarin albashi. Sai dai akwai wani nauyi babba da ya rataya a wuyanta, wato ilimantar da mambobinta, domin ma'aikacin da bai san haƙƙinsa ba, ba zai iya neman sa ba.

Taƙaitaccen Tarihi

An kafa Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, wato NUT, a Legas a shekarar 1931. A Arewa kuwa, Malam Aminu Kano ne ya jagoranci kafa ƙungiyar malamai a 1948, bayan dawowarsa daga karatu a Ingila. Daga baya ƙungiyar malaman Arewa ta haɗe da NUT a 1972. Ita kuma uwar ƙungiyoyin ƙwadago, NLC, an kafa ta a 1978. Tana shirya wa wakilan ƙungiyoyinta kwasa-kwasai biyu da aka sani da Makarantar Damina da Makarantar Hunturu. Haka nan Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙwadago ta Michael Imoudu da ke Ilori, wadda ta gwamnatin tarayya ce, tana horar da shugabannin ma'aikata.

Ire-iren Horon

Ana iya karkasa wannan ilimi gida uku. Na farko shi ne sanin haƙƙi, kamar ƙa'idojin ƙarin girma da hutu da ladabtarwa da fansho. Na biyu shi ne horon shugabanci, wanda ya ƙunshi gudanar da taro, da adana lissafin kuɗin ƙungiya, da dabarun zaman sasantawa da hukuma. Na uku kuwa shi ne ƙarin ƙwarewa a sana'a, wato bita kan dabarun koyarwa da wayar da kai game da rajista da Hukumar Rajistar Malamai, wadda dokar 1993 ta samar.

Muhimmancinsa ga Malamin Karkara

Manyan tarurrukan bita a birane ake yin su, kuma wakilai ƙalilan ke halarta. To, malamin da ke koyarwa a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, a can bayan dajin Falgore, ko a ƙauyukan Kiru da Bebeji da Tudun Wada, yana nesa da birnin Kano. Duk da haka, ana cire kuɗin ƙungiya daga albashinsa kowane wata kamar takwaransa na birni. Saboda haka reshen ƙungiya na ƙaramar hukuma shi ne gadar da ilimin zai bi ya isa gare shi. Idan wakili ya dawo daga bita ya ajiye takardu a aljihun tebur, to an yi shuka a idon makwarwa. Sakamakon haka, malami na iya rasa ƙarin girma don bai san lokacin miƙa takardunsa ba, ko ya kai ga ritaya da kurakurai a fayil ɗinsa.

Kammalawa

Ya wajaba ɗalibin da ke shirin shiga aikin koyarwa ya fahimci cewa horo haƙƙinsa ne a kan ƙungiyarsa. Da zarar ya kama aiki, sai ya nemi kundin tsarin mulkinta ya karanta, ya riƙa halartar taron reshe, kuma ya buƙaci wakilai su isar da abin da suka koyo.