Jinginar Gida da Rajistar Masu Cin Bashi

A Magama, bakin iyakar Jibiya da ke kan hanyar Maraɗi, yawancin ciniki a kan bashi yake tafiya. Ɗan kasuwa ya ɗauki kaya, sai ya sayar ya biya. Idan kuɗin suka yi kauri, mai ba da bashi yakan nemi abin riƙewa, kuma babu abin da ya fi kwantar masa da hankali kamar gida.

Jingina halal ce a Musulunci, sai dai malamai sun daɗe suna gargaɗi cewa cin amfanin gida ko gonar da aka jinginar saboda rance riba ne. Tsakanin 'yan kasuwa, takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu ta wadatar. Banki kuwa ba ya kallonta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, don haka banki yana neman takardar shaidar mallaka da amincewar gwamna kafin jingina ta tabbata. In mutum biyu suka ba da bashi a kan gida ɗaya, galibi wanda ya riga yin rajista shi ake fara biya.

Can da, labarin mai taurin bashi a bakin dillalai da fatoma yake yawo. Yanzu kwamfuta ce ke ɗauke da shi. Lambar BVN ta fito a 2014, dokar musayar bayanan masu cin bashi ta biyo baya a 2017, kuma bankuna na aika sunayen abokan hulɗarsu ga kamfanoni uku: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Tun Agustan 2020 ma banki na iya cire kuɗinsa daga asusun mai bashi da ke wani bankin.

A nan ne abin ke damuna. An rufe iyakar Jibiya a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Dillali ya san wanda kayansa suka maƙale a garin Ɗan Isa da ke tsallaken iyaka, yakan ce, "Alhaji, a yi masa haƙuri zuwa kaka." Rajista ba ta rubuta dalili, kwanakin jinkiri kawai take ƙirgawa, alhali gidan da ke jingine cike yake da iyali.

Doka ta ba mai bashi damar ganin abin da aka rubuta a kansa, ya kuma nemi gyara idan akwai kuskure. Ya kamata ya duba kafin ya miƙa takardar gidansa.