Gahawar Barako da Tagogin Kakanni: Shagunan Gahawa a Ƙasar Filifin

Yau akalarmu ta karkata zuwa kudu maso gabashin Asiya, ƙasar Filifin mai tsibirai fiye da 7,600, inda za mu leƙa shagunan shan gahawa mu ga yadda matasan ƙasar suke kwaso fasalin gidajen kakanninsu suna ƙawata wuraren kasuwancinsu da shi.

Mutumin Filifin ba ya wasa da gahawa. Da asuba yana tsoma ɗan burodinsu da ake kira pandesal a cikinta. Da la'asar, lokacin ɗan taɓa ka lashe da suke kira meriyenda, ita ce ke raka wainar shinkafa. In aboki ya ce wa aboki "kape tayo", gayyatar zama ce da hira, ko da kuwa ba a sha komai ba. Kamfanin Starbucks na Amurka ya buɗe shagonsa na farko a birnin Makati da ke yankin Manila a 1997, kuma shekaru da dama bayan nan duk mai son buɗe shagon gahawa na zamani irin wancan fasalin yake kwaikwaya: gilashi, ƙarfe, bangon siminti, fitilu masu launin ruwan zuma. Kana ciki ba ka iya cewa ga garin da kake. Shekara guda kafin zuwan Amurkawan, wani ɗan kasuwa mai suna Steve Benitez ya kafa Bo's Coffee a birnin Cebu, kamfanin da daga baya ya yi suna wajen tallata gahawar da aka noma a cikin ƙasa da kuma saƙar gargajiya. Yau a Manila da Cebu da Baguio da Davao ƙananan shaguna masu bin wannan turba sun yawaita.

Kafin a gane abin da suke kwasowa, sai an san gidan da ya fito. Asalin ɗakin ƙauye a Filifin shi ne bahay kubo, bukka ce ta gora da jinkar ganyen nipa, a ɗage kan dirkoki don ambaliya ta wuce ta ƙasa, iska kuma ta shigo ta tsakanin tsage-tsagen gorar da aka shimfiɗa a matsayin daɓe. A zamanin mulkin Sifaniya, wanda ya ɗauki fiye da shekara 300 kafin ya ƙare a 1898, masu hali suka ɗaukaka wannan bukka ta zama bahay na bato: ƙasa ginin dutse ko tubali, sama kuwa katako zalla. Filifin ƙasa ce ta girgizar ƙasa, don haka ginshiƙan itace ne ke ɗauke da nauyin benen da rufin, bangon dutsen kewaye kawai ya yi musu. Wanda ya bi titin Crisologo a garin Vigan, garin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, zai ga irin waɗannan gidaje jere reras.

A benen ne gwanintar take. Tagogin manya ne, ana zuge su gefe, kuma maimakon gilashi an jera musu ɓawon wata halittar teku da ake kira kafis, an yanka shi ƙanana an ɗaura cikin ragar katako. Ɓawon siriri ne har haske na ratsa shi, amma yana karya kaifin rana, ɗaki ya yi haske ba tare da ya yi zafi ba. Ƙarƙashin kowace babbar taga akwai wata ƙarama dab da daɓe, mai sandunan katako ko na ƙarfe, wadda ake barinta a buɗe ko da dare ya yi. Saman bangon da ya raba ɗaki da ɗaki kuma an yi sassaƙa mai huda-huda, kalado suke ce mata, don iskar da ta ɗumama ta tashi sama ta sami hanyar ficewa. Hatta kujera an yi ta ne da lissafin zafi. Mazauninta da majinginarta saƙar ratan ce, wani tsiro mai yaɗo dangin kwakwa, an saƙa shi da 'yan ramuka a jere, saƙar da suke kira solihiya, yadda bayan mai zama ba zai jiƙe da gumi ba. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka yi don ado kaɗai. Masanin gine-gine Francisco Mañosa, wanda ƙasar ta karrama da lambar yabo mafi girma ta fasaha a 2018, ya ƙarar da rayuwarsa yana nuna cewa hikimar bahay kubo tana iya ɗaukar ginin zamani.

To, a nan ne nake da magana. Shaguna da yawa sukan sayi tsohuwar tagar kafis daga gidan da aka rushe, su manna ta a jikin bangon siminti inda ba rana ba iska, su toshe ko'ina su kunna na'urar sanyaya ɗaki. Wurin ya yi kyau a hoto, kuma hoton da matasa ke ɗauka su ɗora a Instagram shi ke kawo ciniki, wannan ba a musu. Amma abin yana sosa mini rai, domin kowace irin wannan taga shaida ce cewa wani gida ya faɗi. Dokar kare kayan tarihi ta 2009 ta ɗauki duk ginin da ya haura shekara 50 a matsayin abin da ya cancanci kariya, duk da haka tsofaffin gidaje na ci gaba da zubewa. Shi ya sa na fi girmama masu shagon da suka shiga tsohon gini suka raya shi da kuɗin hayarsu. A titin Escolta na Manila, wanda a dā shi ne zuciyar kasuwancin birnin, matasa masu zane da masu sayar da gahawa sun buɗe rumfuna a ƙasan benen First United da aka gina a 1928. A Baguio kuma wasu abokai, cikinsu da masu zane, sun kafa Café by the Ruins a 1988 a kan kufan gidan wani tsohon gwamnan lardin Benguet, suka bar ragowar bangon a tsaye.

Sai batun saƙa. A shagunan za ka ga matasan kujera na yadin inabel daga yankin Ilocos, da tabarmar Basey ta tsibirin Samar a rataye, da yadin ƙabilar Yakan mai launuka masu ɗaukar ido. Wanda ya fi jawo muhawara shi ne tinalak na ƙabilar Tiboli da ke gefen tafkin Sebu a Mindanao. Da zaren abaka ake saƙa shi, wata shuka 'yar'uwar ayaba, launinsa baƙi da ja da farin zaren. Matan da ke saƙa shi sun yi imani cewa a mafarki ake nuna musu zanen, kuma yadi guda yakan ci watanni. Shahararriyarsu, Lang Dulay, gwamnati ta karrama ta a 1998, ta rasu a 2015. A wurin mutanenta yadi ne mai alfarma, na aure da haihuwa, ba a taka shi. Idan mai shago ya sayi na gaske daga hannun masaƙiyar ya rataye shi inda ya dace, gidan wata mata ya ci abinci. Idan kuwa zanen kawai aka buga da inji a kan leda aka shimfiɗa a tebur, an ɗauki haƙƙin mutane ba a ba su ko sisi ba.

Mu dawo ga abin da ke cikin kofin. Filifin na cikin ƙasashe ƙalilan da ke noma manyan nau'o'in gahawa huɗu: Arabika, Robusta, Liberika da Ekselsa. Abin alfaharinsu ita ce barako, wato Liberika, wadda asalinta daga nan Afirka ta Yamma ne, yankin Laberiya. Mai kauri ce, ƙamshinta na cika gida, a lardin Batangas har kan shinkafa ake zuba ta. Bisa labarin da aka gada, wani fada ne ya fara dasa gahawa a garin Lipa a 1740. A shekarun 1880, lokacin da cutar tsatsar ganye ta cinye gonakin wasu ƙasashe, Lipa ta yi kuɗin da ba ta taɓa gani ba, attajiranta suka gina benaye, Sarauniyar Sifaniya ta ɗaga darajar garin a 1887. Wajen 1889 cutar ta iso, cikin 'yan shekaru arzikin ya bi ruwa. Yau ƙasar da ta taɓa sayar wa duniya gahawa, mafi yawan wadda take sha shigo da ita ake yi, musamman daga Biyetnam da Indunusiya, kuma talaka ya fi shan ta 'yar leda mai haɗe da madara da sukari. Don haka idan na ga shago ya cika bango da kayan kakanni, tambayata ta farko ita ce: waken da ke cikin injinka daga gonar wa ya fito? Masu gaskiya cikinsu sukan rubuta amsar a allo: Sagada, Benguet, dutsen Apo, dutsen Kitanglad, Sultan Kudarat.

Akwai kuma wuraren da ba su taɓa ɗaukar mai tsara ado ba. A cikin kasuwar La Paz da ke Iloilo, shagon Madge ya haura shekara 70 yana tace gahawa da matacin yadi, kuma kofunan masu zuwa kullum suna jere a kanta, kowanne da sunan mai shi. Can kudu a tsibirin Jolo, Musulmin ƙabilar Tausug suna da tasu, kahawa sug, wadda ake nomawa a tsibirin. Ana kawo ta da faranti cike da kayan maƙulashe, a riƙa juya ta daga kofi zuwa kofi don ta huce, kamar yadda mai shayi ke yi a bakin titinmu. Benci ne da tebur kawai, amma a nan ake jin labarin gari, a ƙulla ciniki.

Ita kuwa barako tana cikin matsi. Bishiyarta doguwa ce, sai da tsani ake tsinkarta, tana kuma cin fili, don haka manoma da yawa sun sare ta sun dasa Robusta, wasu sun sayar da gonakin an yanka filaye. A watan Janairun 2020 dutsen Taal ya yi aman wuta, toka ta lulluɓe gonakin Batangas da Cavite, cibiyar nomanta. Wanda ya sake dashe sai ya jira shekaru kafin ya tsinki 'ya'yan farko, kuma ba zai yi wannan jiran ba sai ya tabbata akwai shagon da zai saya da daraja.