Ƙaramar Asara da Babbar Asara: Darasi Daga Rushewar Bankin Barings

Gabatarwa

Cinikin yini wani nau'in ciniki ne da ake yi a kasuwar hannun jari, inda mutum zai sayi hannun jari ko takardun alkawarin ciniki da safe, ya sayar kafin a tashi kasuwa, domin ya ci ribar ɗan bambancin farashi. Babbar ƙa'idarsa ita ce kada haja ta kwana a hannu. Wannan maƙala za ta duba labarin wani dillali da ya karya wannan ƙa'ida, domin a nuna cewa ba kuskuren farko ne yake kashe ɗan kasuwa ba. Ƙin amincewa da kuskuren ne yake kai shi ya baro.

Yadda Abin Ya Faru

An kafa bankin Barings a birnin Landan a shekarar 1762, kuma Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu tana daga cikin masu hulɗa da shi. A shekarar 1992 bankin ya tura wani matashi mai suna Nick Leeson zuwa Singafo. Aikin da aka ba shi mai sauƙin hatsari ne. Akwai takardun alkawarin ciniki waɗanda darajarsu take bin ma'aunin Nikkei 225, wato ma'aunin farashin manyan kamfanonin Japan, kuma ana cinikinsu a kasuwar Singafo da ta Osaka. Abin da ake so shi ne ya saya inda suka yi araha, ya sayar nan take inda suka yi tsada.

Kamar yadda shi da kansa ya bayyana daga baya, wata ma'aikaciyarsa ce ta yi kuskuren da ya jawo asarar kimanin fam 20,000. Maimakon ya sanar da shugabanninsa, sai ya ɓoye asarar a wani asusu mai lamba 88888, da nufin zai cike giɓin idan ya sami riba. Don ya cike giɓin kuwa, sai ya shiga caca da kuɗin banki, yana barin haja ta kwana a hannunsa. A ƙarshen 1992 asarar ta kai fam miliyan 2. A ƙarshen 1994 ta haura fam miliyan 200. Duk wannan lokaci, a Landan ana yi masa kallon gwarzon da ya fi kowa kawo riba.

A farkon 1995 ya ɗora dukkan fatarsa a kan cewa farashi a Japan ba zai motsa da yawa ba. Ranar 17 ga Janairu girgizar ƙasa ta auka wa birnin Kobe, mutane fiye da 6,000 suka rasu, farashi ya rikito. Maimakon ya janye, sai ya ƙara saye, yana tsammanin kasuwa za ta farfaɗo. Ba ta farfaɗo ba. Ranar 23 ga Fabrairu ya gudu, ya bar asarar fam miliyan 827, adadin da ya zarce jarin bankin. Ranar 26 ga wata bankin ya durƙushe, daga bisani bankin ING na ƙasar Holand ya saye shi a kan fam 1 tak. Shi kuwa Leeson an cafke shi a Jamus, kotun Singafo ta yanke masa ɗaurin shekara shida da rabi, aka sake shi a 1999.

Darussan da Ke Ciki

Na farko, asara tana da lissafin da ba ya tausayi. Wanda yake da fam 100 ya rasa kashi 10 cikin ɗari, ribar kashi 11 da ɗoriya za ta mayar da shi inda yake. Idan ya rasa rabi, sai ya ninka abin da ya rage kafin ya dawo. Idan kuwa ya rasa kashi 90, sai ya ninka ragowar har sau goma. Wato gwargwadon zurfin rami, gwargwadon wuyar fita. Dalilin da ya sa ke nan ƙwararru suke ajiye iyakar asara tun kafin su shiga ciniki, da zarar farashi ya taɓa ta su sayar ba tare da shawara da zuciya ba. Da yawa daga cikinsu ba sa yarda ciniki ɗaya ya ci fiye da kashi 1 ko 2 cikin ɗari na jarinsu.

Na biyu, ninka kuɗi don a rama asara tarko ne. Wanda ya fara da fam 1, yana ninkawa duk lokacin da ya faɗi, idan ya faɗi sau goma a jere ya rasa fam 1,023, kuma yana bukatar fam 1,024 don ya sake gwadawa. Jari yana ƙarewa kafin sa'a ta juyo. Garin neman gira aka rasa ido ke nan.

Na uku, ciniki da kuɗin aro yana ƙara girman riba da asara baki ɗaya. A irin takardun da Leeson yake saye, ɗan kuɗin jingina kawai ake ajiyewa. Wanda ya ajiye fam 10 ya riƙe hajar fam 100, faɗuwar kashi 10 cikin ɗari ta isa ta share kuɗinsa ƙaf.

Na huɗu, bai kamata mai ciniki ya zama shi ne mai duba littafin cinikin ba. Leeson shi ne shugaban dillalai, shi ne kuma shugaban sashen da yake tantance lissafi. Masu binciken kuɗi na bankin sun ja hankali a kan wannan a 1994, amma ba a gyara ba, aka ci gaba da aika masa kuɗin jingina daga Landan ba tare da bin diddigi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa girgizar ƙasar Kobe tona asiri kawai ta yi. Ɓarnar ta faro ne tun ranar da aka ɓoye asarar farko. Babu ɗan kasuwar da ya fi ƙarfin kuskure, kuma babu wanda ya san abin da gobe za ta zo da shi. Abin da yake hannun mutum shi ne ya ƙayyade abin da zai iya rasawa, ya rubuta asararsa a fili, ya bari wani ya duba littafinsa. Da an bayyana asarar fam 20,000 a 1992, da iyakarta faɗa da jan kunne. Da aka rufe ta, sai ta cinye bankin da ya shekara 233 yana tsaye.