Achilafiya: Takarda Ta Ce Dutse, Mota Ta Ce Kano

Yau daga gida zan fara.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Achilafiya da sassafe ya san inda motoci suka fi dosa. Mai sarin atamfa Kantin Kwari zai je, mai kanti Singa zai je, mai buhunan riɗi Dawanau yake hari, wanda ciwo ya fi ƙarfin asibitin Kazaure kuma Kano za a wuce da shi. Alhali a takarda mu ’yan ƙaramar hukumar ’Yankwashi ne, jihar Jigawa, babban birninmu Dutse. To Dutse fa? Sai neman aiki, ko bin fayil, ko wata sabgar gwamnati ke kai yawancinmu. Da yawa ma in za su je, ta cikin Kano suke ratsawa.

Abin da nake son mu gane a nan shi ne, birni yana da iyaka iri biyu. Akwai wadda gwamnati ta shata a taswira. Akwai kuma wadda ƙafar mutane ta shata, wato duk inda mutum zai fito da safe, ya shiga birnin ya yi harkarsa, ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Masana tsara birane wannan ta biyun suka fi dubawa, don ita ke nuna inda kuɗi da kaya suke gudana. In da wannan ma'aunin za a auna, Kazaure da Roni da Gwiwa da ’Yankwashi, har Babura, duk a inuwar Kano suke.

Ba yau abin ya fara ba. Masarautar Kazaure da Ɗan Tunku ya kafa wajen 1819, daga ƙasashen Kano da Katsina da Daura aka yanko ta, tun asali a mahaɗa take. Zamanin Turawa tana cikin lardin Kano, daga 1967 tana cikin jihar Kano, sai ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Jigawa. Ofis ya koma Dutse, amma hanyar Kano zuwa Daura ba ta matsa ko taku ɗaya ba, tana nan ta Dambatta, ta Kazaure, ta ƙofar gidanmu.

Ita kanta Kano ɗin ai ba ta tsaya cikin badala ba. Yanzu ƙananan hukumomi takwas ake lissafawa a ƙwaryar birnin, har da Ungogo da Kumbotso, wuraren da iyayenmu suka sani da gonaki. Haka birni yake girma: yana bin kwalta, gidan mai ya fara tsayawa, shago ya biyo, sai a wayi gari an yanka gona fuloti-fuloti. Kazaure ma, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, haka take miƙewa a bakin titi, duk da duwatsun da suka takure ta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko maganar: jirgin ƙasa. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil ke aikin, kuma zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Kowa murna yake, ni ma ina yi. Amma mu tuna yadda dogo ya taɓa yi wa garuruwa a ƙasar nan. Da ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Sabon Gari ya cika. Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda dogo ne ya ɗaga su. Nguru ta bunƙasa don a can layi ya ƙare, da jirgi ya yi sanyi ita ma ta ji a jikinta.

Mota da jirgi ba halinsu ɗaya ba, ka gane? Direba yana tsayawa inda ya ga dama, ya yi salla, fasinja su sayi tsire da rake, mai faci ya samu na cefane. Jirgi kuwa sai tasha. Garin da ke da tasha zai ja ’yan kasuwa da masu gini, filinsa ya yi tsada. Garin da ke rayuwa da tsayawar mota, irin namu, in wani kaso na fasinja da kaya ya koma dogo, cinikin bakin titi zai ragu, sai dai in akwai hanya mai kyau da za ta kai amfanin gonarmu tashar cikin sauƙi. Ni a ganina wannan ya kamata mu riƙa tambayar masu neman ƙuri'armu, ba wai yaushe jirgi zai fara tafiya kawai ba.

Sai maganar gona. In wani ya zo daga birni ya taya gonarka ta bakin hanya da kuɗin da ba ka taɓa riƙewa ba, kada ka ɗauka alheri ne ya kawo shi, lissafin shekara goma ya yi. Ban ce kada a sayar ba, kowa ya san buƙatarsa. Amma ka tambayi nawa fuloti yake a bakin titin Dambatta da Kazaure kafin ka sallama, ka kuma nemi takardar mallaka ko da ba ka da niyyar sayarwa, musamman in gonar ta gado ce ba a raba ba.

Ku rubuto mana yadda farashin fili yake a garuruwanku, mu kwatanta a shiri na gaba. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.